Kafin Ɗan Kwikwiyo Ya Hau Jirgi

Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Mubi. Duk ɗan kwikwiyon da aka ce za a tura wa mai saye a Abuja ko Legas ta jirgi, sai ya fara cin hanyar mota ta kusan kilomita 200, daga unguwar Wuro Patuji ya bi ta Mararraba, Hong, Gombi, Song da Girei, kafin ya ga ƙofar filin jirgin saman Yola, wanda tun 2023 ake kira da sunan Lamido Aliyu Mustafa. Daga Yola zuwa Abuja kuwa kamar sa'a guda ce a sama. Wannan sa'ar ita matasa suka fi jin tsoro, alhali ita ce mafi sauƙi a tafiyar duka. Abin da ke kashe ɗan kwikwiyo ya fi faruwa a ƙasa: a tsakar gidan da aka haife shi, a but ɗin mota, ko a bakin ofishin kaya inda aka ajiye shi a rana ana jiran takarda.

Ta waya sana'ar nan ta shigo hannun 'ya'yanmu. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko na Jami'ar Jihar Adamawa da ke haya a unguwar ya samu karya, Jaman Shefad ko Rotwaila ko Kokeshiyan, ta haifi shida ko takwas, ya ɗora hotunansu a WhatsApp da Facebook, kafin magariba an fara tambayar farashi daga garuruwan da bai taɓa takawa ba. Masu nema kuwa suna nan, domin zamanin ya sa magidanta da yawa sun ɗaga katanga, suna kuma son abin da zai yi haushi da dare. Yaron da ya nemi na kansa ta wannan hanya ya cancanci a sa masa albarka, ya fi zaman kashe wando nesa ba kusa ba. Abin da ke damun manya shi ne kurakurai iri ɗaya da ake ta maimaitawa daga wannan yaro zuwa wancan, kuma babu wanda ba a iya kauce masa.

Mubi kuwa gari ne da ya san safarar abu mai rai. Daga kasuwar shanunsa tireloli ke ɗiba zuwa Legas da Fatakwal, dattawan wurin kuma suna da ƙa'idojinsu. Ba a loda saniyar da ba ta da lafiya. Ana zuba yashi a ƙasan tirela don kada kofato ya zame. 'Yan rakiya suna zaune a sama dare da rana, in wata ta faɗi su tsayar da direba a tashe ta kafin 'yan'uwanta su tattake ta. Asara ce ta koya musu wannan. In ana yi wa bijimi irin wannan hidima, ina ga abin da nauyinsa bai wuce 'yan kilo kaɗan ba? Daga ranar da ɗanmu ya karɓi kafin alƙalami, amana biyu ce a wuyansa, kuɗin mutum da ran dabba.

Ɗan Musulmi ya fara da tambayar malaminsa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo hani a kan sayar da karnuka, ta kuma ambaci saɓanin malamai game da waɗanda aka yi izinin riƙewa, irin na farauta da na tsaron dabbobi da gona. Gara ya san inda ya tsaya kafin ya shiga. Abin da babu saɓani a kansa shi ne azabtar da dabba. Kowa ya ji labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kullewa da ƙishirwa, su ne dai abubuwa biyun da ke jiran duk dabbar da aka sa a keji. A coci ma ana koya wa yara cewa tausayin dabba halin mutumin kirki ne.

Kuskuren da aka fi yi na gaggawa ne. Mai saye ya turo kuɗi, yana bugo waya safe da yamma: "Yaya dai, yaushe zai iso?" Mai sayarwa kuma bakuna takwas suna cin aljihunsa, yana ɗokin ya rage. Sai a cire ɗan kwikwiyo daga nono yana da mako huɗu ko biyar, a ce ai ya fara lasar koko. Abin da likitocin dabbobi suka tsaya a kai shi ne mako takwas cif, an yaye shi, yana cin abinci da kansa. A Amurka doka ce ma, ba a karɓar wanda bai cika mako takwas ba a jirgi. Ƙaramin jiki ba ya iya riƙe ɗuminsa, sukarin jininsa yana faɗuwa in ya yi sa'o'i bai ci ba, ruwan jikinsa kuma da wuri yake ƙarewa. Akwai wani dalilin da ba a gani sai daga baya. A waɗannan makonni ne yake kokawa da 'yan'uwansa; in ya ciji ɗaya da ƙarfi a yi ƙara a bar masa wasan, in ya matsa wa uwar ta yi masa gurnani. A nan yake koyon iyakar haƙorinsa. Wanda aka raba da su da wuri yakan tashi da tsoro, karen da ke jin tsoro kuwa shi ke cizon yaron maƙwabci. Saboda haka ɗanmu ya koyi faɗin magana ɗaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a ƙara mana mako uku, zai fi maka alheri." Mai sayen da ya san kare zai ji daɗin wannan amsa, wanda ya ƙi kuwa a mayar masa da kuɗinsa. Sauri ya haifi nawa.

Sai cutar da masu kiwon kare ke kira fabo, wadda ta bayyana a duniya a 1978, tana kama hanjin 'yan kwikwiyo. Wanda ya taɓa ganinta ba ya mantawa. Ɗan kwikwiyon da jiya yake jan igiyar takalmi, yau ya kwanta a lungu ya ƙi abinci. Sai amai, sai zawo mai jini da wari mai tayar da zuciya, idanu su faɗa ciki, in an ja fatar wuyansa ta tsaya ba ta koma ba. In ba a kai shi an yi masa ƙarin ruwa ba, mafi yawa ba sa wuce 'yan kwanaki. Jaman Shefad da Rotwaila, waɗanda aka fi nema, suna cikin waɗanda ta fi kayarwa. Ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasar tsakar gida, tana bin tafin takalmi da hannun masu zuwa kallo. Abin da ya sa take haɗa rigima shi ne takan yi kwana uku zuwa bakwai a jiki, wani lokaci fiye, kafin ta nuna kanta. Ɗan kwikwiyo ya bar Mubi yana tsalle, ya sauka Abuja lafiya, rana ta huɗu ya kwanta. Wancan ya ce an sayar masa da mara lafiya, wannan ya rantse lafiya lau ya tura shi, kuma kowannensu gaskiyarsa yake faɗi.

Rigakafinta allura ce, kuma ba sau ɗaya ba. Ana farawa a mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai wajen mako 16, domin kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya hana ta farkon kamawa. Ba a yin ta yau a ɗora shi a mota gobe, a ba jiki kamar mako biyu ya karɓa. Ruwan allurar kuma sanyi yake so, tsakanin digiri 2 da 8, tun daga inda aka haɗa shi har ya shiga jiki. A garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kwalbar da ta wuni a jakar mai yawo gida-gida ta riga ta zama ruwa. A je wurin likitan dabbobi mai rajista, a ga an ɗauko kwalbar daga firji ko cikin ƙanƙara, a ga an ɓare tambarin jikinta an manna a kati, likita ya sa hannu da kwanan wata. Wasu samari sukan cike katin da biro a ɗaki don ciniki ya faɗa. Ha'inci ne, kuma a kan dabbar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba yake ƙarewa.

Allurar haukan kare daban take, sai ya cika wata uku ake yin ta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu haɗa ta a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wanda ya tura mai mako tara ya rubuta wa mai saye ranar wannan allura baro-baro. Wanda aka ciza ko aka yakushe a wurin wannan hidima kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya maganin gida.

Akwai kurakurai biyu da kyakkyawar niyya ke haifarwa. Yaro ya ga kaska a kunnen ɗan kwikwiyo ana gobe tafiya, ba ya so mai saye ya gani, sai ya ɗauko fiya-fiya ko maganin wankan shanu ya shafa masa. Fata ta tsotse gubar, harshe ya lashe sauran, kafin a ankara sai dalala da karkarwa. Kaska da hantsaki ake cire ta, maganin da ya dace da girmansa kuma likita ne zai faɗa. Na biyun maganin barci ne. A je kemis a sayo ƙwaya, a daka a zuba a madara don kada ya yi kuka a hanya. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, da likitocin dabbobi sun daɗe suna gargaɗi a kan haka. Ƙwayar tana rage ƙarfin bugun jini da numfashi, iskar cikin jirgi kuwa daidai take da ta kan dutse mai tsayin kusan mita 2,400. Dabbar da aka bugar ba ta iya tsayawa in keji ya girgiza, ba ta iya hakin da zai sanyaya mata jiki, in ta yi amai yana iya shaƙe ta, kuma babu mai gani. Gara ya iso yana kuka.

Abin da ke rage kukan shi ne sabo da keji, keji kuwa ba kwalin taliya ba ne ko kwandon kaji. IATA tana da kundin ƙa'idojin ɗaukar dabbobi da take sabuntawa duk shekara, abin da ya ce game da kare kuma mai hankali zai gane hikimarsa. Jiki mai ƙarfi na roba mai kauri ko katako, ƙasa a rufe ba ta yoyo, ƙofa mai sakatar da ba ta buɗuwa da tura hanci, kafofin iska a aƙalla gefe uku, ƙanana yadda ƙafa ba za ta fito ba. Na ragar waya zalla ba a karɓarsa. Girman kuma a jikin mai shiga ake aunawa: ya tsaya cak kansa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu.

A samu kejin tun saura mako biyu. A ajiye shi a inuwa a buɗe, a riƙa sa abincin ɗan kwikwiyon a ciki, ya shiga ya fito da kansa, daga baya a rufe na minti goma, sannan rabin sa'a, har ya riƙa barci a ciki. Ranar tafiya a shimfiɗa tsohon tawul ko jaridu masu yawa, a jefa tsumman da ya kwana a jikin uwarsa. A ɗaure kofin ruwa a jikin ƙofa ta ciki yadda za a iya zuba masa daga waje. Masu dabara sukan daskarar da ruwan tun dare, ya riƙa narkewa a hankali maimakon ya zube a kwanar farko. Abinci kaɗan, 'yan sa'o'i kafin tashi. A cire masa igiya da abin wuya, domin suna iya maƙalewa su shaƙe shi. A saman kejin a manna sunan mai karɓa da lambobin waya biyu, da lokacin da ya ci ya sha, da kwafin katin allura da takardar shaidar lafiya a cikin leda, ga tambarin dabba mai rai da kibiyoyin da ke nuna sama.

Kada a kama hanyar Yola sai an yi magana da ofishin kaya na kamfanin jirgin, kwanaki kafin ranar. Ba kowane kamfani ke ɗaukar dabba ba, ba kowane jirgi ke da ɗakin kaya mai iska da ɗumin da rai zai iya zama ba. A tambayi takardun da suke so, da ƙarfe nawa ake karɓa, da ko za a sauya jirgi a Abuja kafin Legas. A takardun jirgi ana yi wa dabba mai rai alama da haruffa uku, AVI, a kuma sanar da matuƙi don ya san akwai mai numfashi a ƙarƙashinsa. Wanda ya ɓoye ɗan kwikwiyo a jaka don ya rage kuɗi ya fitar da shi daga wannan kariya gaba ɗaya. Ko inda aka daɗe da wannan harka ana yin asara in aka sa dabba inda iska ba ta isa: a Maris 2018, a jirgin United daga Houston zuwa New York, an ɗora jakar wani ɗan kare mai wata goma a akwatin kaya na saman kujera, kafin a sauka ya mutu. Kuɗin ma a san yadda ake lissafa shi tun kafin a yanka wa mai saye farashi. A ƙa'idar kayan jirgi ana duba nauyi a sikeli, a kuma duba wurin da kaya ya cinye, wato tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 6,000, wanda ya fi yawa shi ake biya. Keji mai 60 da 40 da 45 zai tashi a kilo 18, ko da shi da abin da ke ciki ba su wuce kilo 9 ba. Wanda bai san haka ba shi ke isa gaban kanta kuɗi ya gaza, ya fara neman ƙaramin keji.

Sai hanyar, wadda a kanta aka fi yin asara. Kare ba ya gumi a fata irin na mutum, da haki yake fitar da zafi, in kuwa iskar da yake shaƙa ta fi jikinsa zafi, hakin bai cika amfani ba. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 ƙwaƙwalwa da ƙoda sun fara lalacewa. A Amurka ƙa'ida ta hana a bar dabba fiye da minti 45 a zafin da ya wuce digiri 29.5 lokacin kai ta jirgi. Yola kuwa a Maris da Afrilu tana haura 40, simintin filin jirgi ya fi haka. Kokeshiyan, mai gashin da ya dace da ƙasar dusar ƙanƙara, shi ya fi shan wuya.

A tasha direba zai ce, "Kawo shi nan, yaro, a sa a but, ba abin da zai same shi." Ba da mugunta ya faɗa ba, kujera yake tattali. Amma but babu iska, ga hayaƙin salansa, ga buhunan da za a danna a kai. Ɗanmu ya ce, "Baba, zan biya kuɗin kujera," ya zauna da kejin a gefensa, ɓangaren da rana ba ta bugawa, gilashi a buɗe. A tashi da sassafe. A Gombi ko Song a duba shi a ba shi ruwa kaɗan, ba tare da an sauke shi a ƙasar tasha ba, inda karnukan gari ke kashi, tunda allurarsa ba ta cika ba. In aka ga harshe ya zazzago ya yi ja wur, miyau ya yi kauri, yana tangaɗi, a tsaya nan take a jiƙa masa ciki da hammata da ƙafafu da ruwan randa, a yi masa fifita, a nemi likita, tafiyar ranar ta fasu. Mafi kyau ma a kwana a Yola ya huta, a sa shi a jirgin safe. Bayar da shi saƙo ga direban da ba a sani ba, a ce wani zai karɓa a Jimeta, wannan kam bai kamata ɗan kirki ya yi shi ba, ko da kuɗin motar zai cinye rabin riba.

Da hunturu kuma hazo ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura takan rufe sararin Yola har a ɗage tashin jirgi ko a soke shi. Mai rakiya kada ya juya da zarar ya karɓi rasit. Ya tsaya har ya tabbatar jirgin ya tashi da kejin a ciki, sannan ya buga wa mai karɓa ya faɗa masa lambar takardar kaya da lokacin sauka. In an soke, ya karɓi abinsa ya koma masauki, kada ya bar shi ya kwana a sito.

Akwai kuma ɗan kwikwiyon da babu shi sam. 'Yarmu ta ga hoton wani fari tas a Instagram, farashi rabin na kasuwa, an ce yana Legas, za a turo ta jirgi. Ta biya. Washegari wani ya kira da sunan jami'in kamfanin sufuri, ya ce an riƙe shi a filin jirgi sai an biya kuɗin keji mai na'urar sanyi. Bayan wannan sai inshorar da wai za a mayar, sai takardar izini, sai barazanar kai ta ƙara in ta yi watsi da dabba. Salon ya game duniya. Ƙungiyar kare masu sayayya ta Better Business Bureau a Amurka ta fitar da rahoto a kansa a 2017, a 2022 kuma kamfanin Google ya kai wani mutum ƙara a kotu saboda shafukan sayar da 'yan kwikwiyon bogi. Ba a cinikin biri a sama. A nemi kiran bidiyo kai tsaye, a ga ɗan kwikwiyon tare da uwarsa, mai sayarwa ya ɗaga shi ya faɗi sunan mai saye. In da hali a tura ɗan'uwa ya gani da ido. Wanda kullum kyamararsa a lalace take, a bar shi. Yaran da abokai ke nuna wa wannan hanya a matsayin kuɗin sauƙi kuwa su sani zamba ce, dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekaru a kanta, kuma asusun da EFCC ke bi sau da yawa na yaron ne ko na ƙanwarsa, ubangidan da ya koya masa yana gefe.

In kuwa ɗan'uwa ne a ƙetare ya ce a tura masa ɗan kwikwiyo, lissafin na watanni ne. Tun 1 ga Agusta 2024 Amurka ba ta karɓar karen da bai kai wata shida ba, kuma sai da ƙwayar shaida da ake dasawa a ƙarƙashin fata. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka ɗauka masu haɗarin haukan kare, don haka sharuɗɗanta sun fi tsauri. Tarayyar Turai da Birtaniya suna son a yi allurar haukan kare, a jira kwana 30, a gwada jini a ɗakin binciken da suka amince da shi, sannan a ƙara jiran wata uku, kafin a gama ya kai wata bakwai. Dillalin da ya ce zai fitar da mai mako takwas zuwa Landan cikin sati guda, kuɗin kawai yake so.

Mai karɓa ma yana da nasa aikin. Ya riga jirgi isa, da katin shaida mai sunan da ke kan takarda. Kada ya buɗe keji a wurin ajiye motoci, domin wanda ya firgita yakan ruga ƙarƙashin mota. A gida a fara da ruwa, sai abincin da ya saba ci a Mubi, wanda ya kamata a haɗo shi da ɗan guzurinsa, tunda sauya abinci rana ɗaya yana kawo zawo. A ware shi daga sauran karnuka na mako biyu, a kai shi likita cikin kwana biyu ko uku. Tun kafin a kai nan ma, mai sayarwa na kirki yakan yi tambayoyin da dillali ba ya yi. Gidan naka ne ko haya? Su Baba sun sani? Kokeshiyan yakan haura kilo 50, ya rayu shekara goma ko fiye. Ɗalibin da ya sayi ɗaya a ɗakin haya ya tuna cewa takardar bautar ƙasa tana iya jefa shi Ebonyi, sansanin kuma ba a shiga da kare.

Abin takaici ne yadda ake raina karen gida a cikin wannan duka. Shi ya san zafin nan, da shi mafarautan ƙasar Mubi suke shiga daji, in an yi masa allura an ciyar da shi kuma gadinsa ba ya kasa na kowa. Karen Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, wanda makiyaya suka riƙe shekaru aru-aru, a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista. Wanda buƙatarsa ita ce a tashe shi in an taɓa ƙofa, ba lallai ne ya biya kuɗin jirgi ba.

Ga wanda ya ce sai na jirgin, a rubuta sharuɗɗa kafin kuɗi ya motsa, ko da a saƙon WhatsApp ne da kowa zai ajiye: ranar haihuwa, allurar da aka yi da wadda ta rage, wa zai biya keji da jirgi, me za a yi in an soke tashi, asarar wa ce in ya mutu a hanya. Matasa sukan ji nauyin kawo zancen mutuwa a tsakiyar ciniki, musamman in mai sayen babba ne, amma wannan nauyin na minti ɗaya ya fi sauƙi a kan zaman ofishin 'yan sanda. Bayan an sauka lafiya ɗanmu ya buga waya a daren, ya sake bugawa rana ta uku da ta bakwai, lokacin da fabo kan nuna kanta in tana nan, ya tuna wa mai gidan ranar allura ta gaba. Mai sayen da aka yi wa haka shi ke turo abokinsa baɗi. In labari mara daɗi ya zo, ya ware sauran 'yan'uwan nan take, ya wanke ɗakinsu da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, ya sanar da duk wanda ya riga ya karɓi ɗaya daga cikinsu, kuma kada ya kawo sabon ɗan kwikwiyo marar allura tsakar gidan sai likita ya ce lokaci ya yi.